Ni nake tsara waƙoƙin, sunan oga ake sa wa

Tambaya:

Anti, barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, a Jos nake. Na daɗe ina amshi a wata ƙungiyar masu kiɗan rege na asali, wanda ake kira ruts. Mu uku ne mata a baya, oganmu yana gaba. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, kuma waƙoƙi huɗu da jama'a suka fi so a kundinsa na baya ni na tsara su, baiti da kari. Da kundin ya fito, sunansa kaɗai na gani. Na yi magana, ya ce ai mu 'yan gida ɗaya ne, kuma shi ya biya kuɗin situdiyo. Na ce ina so in fitar da nawa, ya ce mace ba ta kai labari ita kaɗai a rege, in dubi matan da suka yi wa Bob Marley amshi, ai a bayansa duniya ta san su. A gida kuma Mama kullum cikin kuka take, wai waƙar 'yan wiwi nake yi, ana zunɗenta a unguwa. Wallahi ban taɓa sha ba. In na bar ƙungiyar ban san inda zan dosa ba, in na zauna abin yana ci na a rai. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Jos

Amsa:

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Zan fara da maganar da oganki ya yi a kan matan da suka yi wa Bob Marley amshi, domin da ita ya daƙile ki, kuma ba haka tarihin yake ba. Ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani ya ɗauka ba za ki bincika ba.

Matan nan uku su ne Marcia Griffiths da Judy Mowatt da Rita Marley, ana kiransu I-Threes. An haifi Marcia a yammacin Kingston, babban birnin Jamaika, a 1949. A 1964, tana 'yar shekara 14, ta hau dandamali tare da ƙungiyar Byron Lee, daga nan aka kai ta Studio One, situdiyon Coxsone Dodd, inda kusan duk manyan mawaƙan ƙasar suka yi rarrafe. Kafin shekarun 1960 su ƙare tana da waƙoƙin da suka karaɗe tsibirin da sunanta. A 1970 ita da Bob Andy suka yi waƙar da ta shiga cikin biyar na sama a Ingila. A lokacin nan Bob Marley bai fita kasuwar duniya ba, sai a 1973 kamfanin Island ya fitar da kundin da ya buɗe masa ƙofa. Wato Marcia ta riga shi shiga kunnen Turawa da shekara 3. Judy kuma, 'yar Gordon Town, tun 1967 take waƙa a ƙungiyar mata ta Gaylettes. Ita ma Rita tana da tata ƙungiyar, Soulettes, tun kafin ta auri Bob.

Haɗuwarsu ma ba Bob ne ya haɗa su ba. Marcia ce take da wasa a wani gidan rawa a New Kingston, ta gayyaci ƙawayenta biyu su tallafa mata da murya. Aka ji daɗin yadda muryoyin suka dace. Da abokan waƙarsa Peter Tosh da Bunny Wailer suka rabu da Bob, ya rasa masu ɗaga masa waƙa, sai ya nemi matan nan a 1974. Shi yake da buƙata a ranar, su kuma sun zo masa da sunan da suka riga suka yi.

Abin da ya fi shafarki shi ne abin da suka yi a shekarun da suke bayansa. Daga 1974 zuwa 1980 suna yawon duniya da shi, Turai da Amurka, har bikin samun 'yancin Zimbabuwe a watan Afrilun 1980. Aiki ne mai cin rai, ga jirgi ga otal ga 'ya'ya an baro a gida. Duk da haka Marcia ta fitar da kundi biyu nata na kanta a 1978 da 1979, kuma mace ce ta shirya mata su, Sonia Pottinger, wadda take da kamfanin faifai nata a lokacin da kusan duk masu sana'ar maza ne. Judy ta rubuta waƙoƙinta, ta tsaya da kanta a kan shirya su, ta fitar da kundin Black Woman wajen 1980 a ƙarƙashin tambarin da ta kafa. Har yau masu sauraron ruts suna sa shi cikin manyan kundayen zamanin. Da Allah ya karɓi ran Bob a watan Mayun 1981, yana ɗan shekara 36, makirfon gaba ya mutu, amma su ba su mutu tare da shi ba. Judy ta zama mace ta farko da aka sa sunanta a takarar kyautar Grammy ta rege, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1980. Waƙar Marcia mai suna Electric Boogie, wadda Bunny Wailer ya rubuta, ta shiga Amurka a 1989 ta zama rawar biki har gobe. A 2023 gwamnatin Jamaika ta ba ta lambar girma ta Order of Jamaica, kusan shekara 60 bayan hawanta dandamali na farko.

Saboda haka amshi ba abin kunya ba ne, makaranta ce babba. A nan ake koyon numfashi, da sauraron ɗan'uwa, da sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru. Haɗarin yana ga wadda ta zuba komai nata cikin sunan wani. Oganki mutum ne. Zai iya gajiya, zai iya komawa Legas, zai iya samun sabbin 'yan mata masu sabuwar murya gobe da safe. Ko a nan gida, dubi manyan makaɗanmu: kowa ya san Shata, amma mutum nawa za su iya lissafa miki 'yan amshinsa?

Akwai gaskiya kaɗan a bakinsa, ba zan ɓoye miki ba. Hanyar ta fi yi wa mace tsauri. An fara ba da Grammy ta rege a 1985, amma sai a 2020 mace ta ci ta ita kaɗai da sunanta, wato Koffee, tana 'yar shekara 19. Dalilin ba ƙarancin murya ba ne. Masu situdiyo maza ne, masu manyan lasifikan da ke yaɗa waƙa a titunan Kingston maza ne, masu shirya wasa maza ne, kuma a shekarun 1970 al'adar 'yan Rasta, mabiya wata aƙidar addini da ta taso a Jamaika, ta fi son ganin mace a gefe. Amma wuya daban, rashin yiwuwa daban. Ko a Najeriya, a ƙarshen shekarun 1980 Evi-Edna Ogholi ta yi rege da harshenta na Isoko, ƙaramin harshe idan aka gwada da Hausa, ƙasa duka ta saurare ta, waƙarta ta murnar ranar haihuwa kuwa har yanzu ana sa ta a bukukuwa.

Yanzu ga waƙoƙinki huɗu, wanda shi ne ainihin ciwon. A duk waƙar da aka ɗauka a situdiyo akwai dukiya biyu, kuma oganki ya haɗe miki su wuri ɗaya don ya rufe miki baki. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Wannan ta wanda ya tsara ce. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi, sautin da ke cikin faifai ko waya. Wannan yawanci ta wanda ya ɗauki nauyin aikin ce. Da ya ce shi ya biya kuɗin situdiyo, ya faɗi hujjar da za ta ba shi ta biyu. Ba ta ba shi ta farko. Wanda ya biya kuɗin ɗab'i ba ya zama marubucin littafi.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta ta fara aiki a 2023, tana tare da ke a nan. Haƙƙinki yana tabbata ne tun daga lokacin da kika rubuta waƙar a takarda ko kika ɗauke ta a waya, ba sai kin yi rajista ba. Ba a sallama wa wani wannan haƙƙi da fatar baki, sai a rubuce. Kina da ikon a ambaci sunanki a matsayin mai waƙar. Kuma haƙƙin yana nan duk tsawon rayuwarki, da shekara 70 bayan ranki, wato gado ne da 'ya'yanki da jikokinki za su ci. Idan ba ki taɓa sa hannu a wata takarda ba, waƙoƙin nan naki ne har yanzu.

Kada ki ce ai kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Ba wanda ya san waƙar da za ta yi tsawon rai. Sister Nancy, ita ma 'yar Jamaika, ta yi waƙarta Bam Bam a 1982. A zamanin, al'adar ita ce a biya mawaƙi sau ɗaya, in ma an biya, mai situdiyo ya riƙe komai. Ta koma Amurka ta kama aikin lissafi a banki a New Jersey, alhali waƙar tana yawo a duniya, mawaƙa suna gutsurar ta suna sawa a nasu, ana sa ta a fina-finai. Fiye da shekara 30 ba ta ga ko sisi ba. Sai a 2014 da aka ji waƙar a tallar takalman Reebok ta nemi lauya. Aka sasanta, ta sami rabin haƙƙin waƙar da kuɗin shekara 10 na baya. Sauran shekarun sun tafi ke nan. Ita ma ta ci sa'a tana raye.

Ga kuma ɗaya gefen, don ki san nauyin sa hannu. Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, shi ne mai jitar bes ɗin Bob Marley, kuma duk wanda ya san rege ya san bes ne ƙashin bayan kiɗan. A 2006 wata kotu a Landan ta saurari ƙarar da ya kai yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa a waƙoƙin Bob. Ya faɗi, kuma cikin abin da ya kayar da shi har da wata yarjejeniyar sulhu da aka yi tun 1994. Shi kansa Bob ya rasu bai bar wasiyya ba, iyalinsa da abokan aikinsa suka yi shekaru suna hawa da saukar kotu. Su ma 'yan gida ɗaya suke kiran kansu. Zumunci ba ya lalacewa don an rubuta takarda. Rashin takardar ne yake lalata shi ranar da kuɗi suka shigo.

Kafin ki buɗe baki da kowa, tattara shaidarki. Littafin da kike rubutu a ciki, muryoyin da kika ɗauka a waya, saƙonnin WhatsApp da kika tura masa da waƙoƙin tun suna ɗanye, duk suna ɗauke da kwanan wata. Ki adana kwafi a wani wuri da ba wayarki ba. Ki tuna wa yake wurin ranar da kika fara rera kowace ɗaya, ko abokan amshinki ne ko mai haɗa sauti. Sannan ki yi wa kanki adalci: idan shi ya ƙara baiti, ko mai jita ya kawo wani juyi da ya canza waƙar, su ma suna da kaso. Wadda ta zo da lissafin gaskiya ta fi wuyar kayarwa.

Daga nan ki nemi zama da shi, ba a gaban 'yan ƙungiya ba, ba kuma ke kaɗai ba. Ki tafi da babban da yake jin kunya, tsohon makaɗi ko wani dattijo da ya san ku duka. Ki fara da godiya, domin ko ba komai a dandamalinsa kika goge. Abin da za ki nema kaɗan ne kuma a fili yake: a gyara bayanin waƙoƙin nan huɗu a Audiomack da Boomplay da YouTube da duk inda aka ɗora su, a sa sunanki a matsayin mai tsarawa, sannan a rubuta takardar rabon kaso, kowa da abin da ya samu cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Shafi ɗaya ya isa. Gyaran suna ba ya cin kuɗi, mai ɗora waƙar zai iya yi daga kwamfutarsa. Duk takardar da shi ya kawo miki kuwa, kada ki sa hannu a wurin, ki kai wa lauya ya karanta. Kuɗin karatun shafi biyu bai kai asarar waƙa ɗaya ba. Daga yau kuma kada sabuwar waƙarki ta sake fita daga bakinki a wurin gwaji sai an gama wannan magana. Ki kai waƙoƙinki Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa a shigar da su, ki kuma yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da wuraren wasa, MCSN.

Ina roƙonki kada ki kai maganar Facebook. Za ki sami masu tausayi na kwana biyu, shi kuma ya sami dalilin taurin kai, masu shirya wasa su sa miki sunan mai fitina. Garinku ƙarami ne a wannan sana'a, kowa ya san kowa.

Ba na ba ki shawarar ki fita yau cikin fushi. Ki yi yadda Marcia da Judy suka yi, ki riƙe amshin ki fara naki a gefe. Ba sai kundi ba. Waƙa biyu masu kyau, da kuɗinki, a situdiyon da ba nasa ba, da rasit da sunanki a kai. Ki yi da Hausa. Masu rege da Turancin Jamaika na aro sun yi yawa, kuma ba za ki fi 'yan Kingston iya harshensu ba. Ruts waƙar talaka ce, waƙar wanda aka danne, kuma ke da kika tashi a Jos kin san abin da rikici yake yi wa unguwa da maƙwabta, kin san matan da ke fasa dutse da masu dakon kaya a kasuwa. Wannan ba mai rera shi sai ke. In za ki situdiyo ki je da rana, ki je da wani naki. Duk furodusan da ya ce ki bar kuɗinki ku daidaita ta wata hanya, ki ɗauki jakarki. In kuma kina da wata sana'a ko aiki, ki riƙe da kyau, domin wanda yake jin yunwa shi ake sayen waƙarsa da arha.

Sai Mama. Kada ki ɗauki kukanta a matsayin rashin wayewa, tsoronta yana da tushe. Rege na asali ya taso ne a hannun 'yan Rasta, kuma su wiwi wani ɓangare ne na ibadarsu. Peter Tosh ya fitar da kundi sukutum a 1976 yana kiran a halatta ta. Jamaika ta sassauta dokarta a 2015. A nan kuwa laifi ne, kuma ranar da jami'an NDLEA suka dira wurin gwaji ba za su tsaya tantance wa ya sha wa bai sha ba. Idan ana busawa a inda kuke gwaji, Mama ta fi ki gaskiya a wannan, ki nemi a raba wurin aiki da wurin hayaƙi, ko ki riƙa tashi da zarar an gama. Amma kiɗan ba hayaƙin ba ne. Lucky Dube na Afirka ta Kudu, wanda na tabbata Mama ta sha jin muryarsa a rediyo ko a motar haya, ba ya shan wiwi, ba ya shan giya, ba ya shan taba, kuma har aka kashe shi a 2007 ba a yi wanda ya fi shi suna a rege a nahiyar nan ba.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, domin 'yar amshi ita take maimaita kalma sau ashirin a waƙa ɗaya. Da yawa daga cikin waƙoƙin ruts na Jamaika yabon Sarki Haile Selassie na Habasha ne a matsayin abin bauta. Wannan aƙidarsu ce. Ki saurari abin da ake sa ki amsawa, in ya saɓa wa imaninki ba dole ba ne ya fita daga bakinki. Judy Mowatt da kanta, bayan shekaru fiye da 20 tana Rasta, ta bar aƙidar a shekarun 1990 ta koma waƙoƙin coci, kuma ba ta bar kiɗan ba. Tiken Jah Fakoly na Kodebuwa daga gidan Musulmi ya fito, yana rege da Julanci a kan zalunci da mulkin kama-karya. Wannan ma wani dalili ne na ki riƙa rera naki, domin a waƙarki ke kike zaɓar kowace kalma.

Mama ba ta taɓa jin abin da kike yi ba, abin da maƙwabta suka gaya mata take ji. Ki zaunar da ita wata rana da yamma ki rera mata waƙa ɗaya da Hausa, ba kiɗa, muryarki kawai. Ki riƙa gaya mata inda za ki da lokacin dawowa, ki kuma cika. Ki sa yayanki ko ƙaninki ya riƙa raka ki wasan dare. In an biya ki, ki sa mata wani abu a hannu ki ce daga waƙa ne. Ba lallai ta sauko a wata ɗaya ba, kuma ba lallai ta taɓa son kiɗan ba. Abin da kike nema shi ne hankalinta ya kwanta a kan tarbiyyarki, ta sami abin da za ta mayar wa masu zunɗe.

Idan oganki ya amince ya sa hannu, ki zauna ki yi masa amshi da zuciya ɗaya har naki ya tsaya da ƙafarsa. Idan ya ƙi, ko ya ce a bari sai wani lokaci har sau biyu, to ya ba ki amsa. Ki cika wasannin da kuka riga kuka karɓi kuɗinsu don kada a ce kin ci amana, ki yi masa sallama ta mutunci a gaban dattijon nan, sannan lauya ya rubuta masa takarda a kan waƙoƙin huɗu. Ki rubuto min yadda zaman ya kaya. Allah ya yi miki jagora, ya sanyaya zuciyar Mama.